Neman shawara: ƙurar samfefa ta addabe ni a ɗakin haɗa jita

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Shekara ta uku ke nan ina haɗa jita ta katako ni kaɗai, a ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 5 da tsayin mita biyu da rabi. Injinan samfefa huɗu nake aiki da su: mai ganga, wanda nake rage kaurin fuskar jita da bayanta da gefunanta da shi, mai bel da faifai, mai sanda a tsaye na wuraren lanƙwasa, sai ƙaramin na hannu mai zagayawa. Dukkansu injin zuƙa guda ɗaya ke yi musu hidima, irin mai durom da tayoyi, mai tiyo milimita 35. Da yake bakin fitar ƙura na injin mai ganga milimita 100 ne, sai na sa mahaɗi na matse shi har ya shiga tiyon.

Damuwata ita ce, da zarar na tura katako biyu ko uku cikin mai ganga, matatar injin zuƙar takan toshe, ƙura ta dinga fitowa ta gaba da baya. Idan na share ɗakin da yamma, washegari sai in tarar da wata ta sake kwanciya a kan benci da kayan aiki, har da jikin jitar da na shafa wa fenti. Kwanan nan kuma nakan yi atishawa da tari, wuyana da hannuwana su yi ƙaiƙayi, musamman ranar da na goge katakon rozwud ko na jan sida.

Shawara biyu ce a gabana. Ko dai in sayi babban mazuƙi (injin zuƙar ƙura) mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai buhun yadi a sama, ko kuma in huda bango in sa fanka ta dinga watsa komai waje. Sai dai ina riƙe da danshin ɗakin a kashi 45 cikin ɗari, kuma ban san yadda huda bango zai shafe shi ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su haska mini hanya.

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina shaƙar wannan ƙura, kuma abin da na gani shi ne, kowace matata komai kyawunta wata rana za ta toshe ko ta yage, amma ƙurar da ta fita waje ba ta komawa huhun mai ita. Ni dai ka huda bangon. Sannan ka ajiye tsintsiya daga yau, kada kuma ka hure benci da iskar kwamfaresa, domin duka biyun tayar da ƙurar da ta kwanta suke yi, ita kuwa mai laushin takan ɗauki awoyi tana shawagi kafin ta sauka. Ita ce kake tararwa da safe. Ka yi shara da injin zuƙa, ka bi da tsumma mai ɗan laima.

Mai Aikin Bututu:

Malam, ba ƙarancin ƙarfi ne matsalar injinka ba. Aikin da ba nasa ba ka ɗora masa. Injinan zuƙa iri biyu ne, kuma kowanne da halinsa. Ƙaramin mai durom yana da ƙarfin ja sosai, wajen faskal 20,000 (ma'aunin ƙarfin jan iska) ko fiye a masu kyau, amma iskar da yake kwasa ba ta da yawa, abin da bai wuce kubik mita 200 zuwa 250 a awa ba. Babban mazuƙi kuwa yana kwasar iska mai yawa, amma ƙarfin jansa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, saboda haka idan aka matse masa hanya sai ya shaƙe. Shi ya sa injin hannu mai ƙaramin baki yake son ƙaramin, injin ganga da na bel kuma suke son babban.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Don ƙurar katako ta tafi cikin bututu ba tare da ta kwanta ba, ana son iska ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Bututu mai milimita 100 yana buƙatar kimanin kubik mita 565 a awa kafin ya kai wannan gudu, wato fiye da ninki biyu na abin da injinka zai iya ko da matatarsa sabuwa ce. Da ka matse bakin daga 100 zuwa 35 kuwa, faɗin ƙofar ya koma kusan kashi ɗaya cikin takwas. Murfin gangar yana cika da ƙura, ba ta da hanyar fita, dole ta bi inda katako ke shiga.

Don haka shawarata ita ce ka raba aikin. Ka bar ƙaramin injin ga samfefar hannu da shara, ka sa masa buhu a ciki da matata mai daraja, irin ajin M ko HEPA. Ajin M ba ya barin fiye da kashi 0.1 cikin ɗari na ƙura ya wuce, ita kuwa HEPA tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Manyan injinan uku kuma ka haɗa su da babban mazuƙi, kowanne da ƙofar rufewa a bakin bututunsa, ka buɗe ta wanda kake aiki da shi kaɗai. Ka ajiye mai ganga kusa da mazuƙin fiye da sauran, ka yi amfani da bututu mai santsin ciki, ka rage tiyo mai ƙurji iya gwargwado, ka kuma guji kwana mai kaifi, domin kowace kwana tana cin iska. Kada ka dogara da lambar da aka rubuta a jikin injin, yawanci an auna ta ne ba bututu ba matata.

Buhun yadin nan da ka ambata shi ne abin da na fi jin tsoro. Da yawa daga cikinsu ƙwayar maikiron 30 suke tarewa, alhali wadda ke shiga can cikin ƙirji ba ta kai maikiron 10 ba. Injin zai kwashe dusar da ido ke gani, ya fesa maka mai laushin a ko'ina cikin ɗakin, an gudu ba a tsira ba. Ka nemi mai matatar gwangwani mai ninke-ninke ta maikiron 1 ko ƙasa da haka. A gabanta kuma ka sa mazurarin guguwa, wanda ke juya iska har ƙura ta faɗa cikin durom kafin ta kai ga matata. Akwai ƙarami irin Dust Deputy na kamfanin Oneida da ake ɗorawa kan bokiti, wanda zai yi maganin toshewar ƙaramin injinka. Mazurarin yana ɗan rage iska, shi ya sa idan da hali gara mai doki biyu a kan mai ɗaya da rabi.

Maƙerin Jita:

Baba Kafinta, a gafarce ni, maganarka daidai ce ga mai haɗa ƙofa da tebur, amma jita tana da wani sharaɗi. Fuskar jita kaurinta bai kai milimita 3 ba a yawancin lokuta, kuma ana manna mata sanduna a ciki waɗanda wasunsu ke gicciye zaren katakon. Idan aka manna su cikin iska mai laima, ranar da jitar ta shiga busasshen wuri fuskar za ta tsuke ta tsage. Idan kuma aka manna su cikin iska busasshiya ƙwarai, daga baya fuskar za ta kumbura, tsirkiya ta yi nisa da wuya. Shi ya sa muke riƙe ɗaki tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari.

Ɗakin ɗan'uwanmu kubik mita 50 ne. Fankar da ke fitar da kubik mita 1,000 a awa za ta sauya iskar ɗakin baki ɗaya duk minti uku, kuma iskar da za ta maye gurbinta daga waje take zuwa da irin nata danshin. Cikin kwata ɗin awa an rushe abin da na'urar daidaita danshi ta kwana tana ginawa, katakon da aka rage wa kauri kuma ya fara lanƙwashewa a kan benci. Wanda ke da ɗaki biyu, ɗaya na gogewa ɗaya na manne da ajiya, yana iya bin shawarar Baba a ɗakin gogewar. Mai ɗaki ɗaya kuwa dole iskarsa ta dawo masa, don haka ingancin matata shi ne komai. Ni na gina wa nawa mazuƙin ɗan akurki a bayan bango saboda ƙara, na buɗe taga mai matata ta biyu inda iskar ke komowa ciki.

Abin da ba a ambata ba tukuna shi ne gugar hannu, wadda a aikinmu ita ce mafi yawa: gyaran wuya, daidaita gefuna a kan kwanon samfefa, da goge fenti tsakanin shafi da shafi. Waɗannan ba su da bakin da za a sa tiyo. Na haɗa akwati mai zurfin kamar kamu ɗaya, na huhhuda samansa, na shimfiɗa roba mai raga don kada jita ta ƙuje, na haɗa gindinsa da babban mazuƙi. Ƙurar takan bi ƙasa maimakon ta taso fuska. Ga injin hannu kuma, samfefa mai raga irin Abranet ta kamfanin Mirka ta fi mai 'yan huji zuƙar ƙura, kuma idan injin zuƙarka yana da marage ƙarfi ka rage shi, domin ja mai yawa yana manne faifai a jikin katako ya bar zane.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Ɗan'uwa, ni tarin da ƙaiƙayin da ka ambata su suka tsaya mini a rai, kuma ina roƙonka kada ka jira sai ka gama haɗa bututu kafin ka ga likita. Jan sida na yammacin Amurka ta Arewa yana ɗauke da sinadarin filikatik asid, wanda aka daɗe da sanin yana haddasa asma ga masu aikin katako. Dangin rozwud da kokobolo kuma an san su da tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. Idan jiki ya riga ya ƙi jinin katako, yawanci ba ya komawa yadda yake, kuma ƙura kaɗan ma takan tayar da ciwon. Ka rubuta ranakun da abin ke tashi, da katakon da ka taɓa, da ko kana samun sauƙi ranar da ba ka shiga ɗakin ba, ka kai wa likitan.

Tun 1995 Hukumar Binciken Cutar Kansa ta Duniya ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa, musamman ta cikin hanci da kogunansa. A Birtaniya iyakar da doka ta sa ga ƙurar katako mai tauri ita ce miligiram 3 a kowace kubik mita, bisa matsakaicin awa 8, a Tarayyar Turai kuma miligiram 2 tun 2023. Idan ka auna da ɗakinka, miligiram 150 kacal a cikin iska ya kai iyakar ta Birtaniya. Rage milimita ɗaya da rabi daga fuskar jita guda yana fitar da wajen giram 150, wato ninki dubu.

Saboda haka, ko da injina sun zauna, ka sa takunkumi lokacin gogewa da lokacin zubar da durom ko kaɗe matata, kuma ya zama mai matata ajin FFP3 ko P100, ba na yadi ba. Idan kana da gemu, gefen takunkumin ba zai kama fata ba, sai ka nemi irin mai hula da batir wanda ke hura tacacciyar iska. Ka sa riga mai dogon hannu ranar rozwud, ka cire ta a ɗakin kafin ka shiga cikin iyali.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da dare na kashe fitila na haska tocila a gefen mai ganga yana aiki, sai na ga ƙura tana tashi kamar hayaƙi daga inda katako ke fita, abin da ban taɓa gani da rana ba. Na cire mahaɗin, kuma na dakatar da amfani da injin har sai babban mazuƙi ya iso. Bangon ba zan huda shi ba. Hajiya, na karɓi katin ganin likita na mako mai zuwa. Saura tambaya ɗaya: a kan mai bel nake goge ƙashin da nake yin jakin jita da shi, wato abin da tsirkiya ke hawa, wani lokaci har da bakin ƙarafan wuya da na yanke. Shin babu laifi wannan ya bi bututu ɗaya da ƙurar katako? Kuma ko injin tace iska da ake ratayawa a silin zai iya maye gurbin wani abu daga cikin waɗannan?

Mai Aikin Bututu:

Ƙashi yana iya bin bututun, sai dai ka sa takunkumi, haka ma idan kana yanka ɓawon kifin teku na ado. Ƙarfe kam kada ya bi ko sau ɗaya. Tartsatsi guda idan ya faɗa cikin durom mai busasshiyar ƙura yana iya cin wuta a hankali ba tare da ka lura ba, ya tashi bayan ka kulle ɗaki. Ka gyara ƙarafan da zarto na hannu, idan kuma dole sai da inji, ka rufe ƙofar bututun, ka share cikin injin tukuna. Haka nan kada ka zuƙi tururin fenti da waɗannan injina, kuma garin fentin naitiro da ka goge yana kama wuta da sauri, ka kwashe shi dabam da jiƙaƙƙen tsumma. Ka zubar da durom ɗin duk ƙarshen aiki.

Na silin kuwa ƙari ne a kan sauran, domin ƙurar da yake kamawa ta riga ta bi ta gaban hancinka kafin ta kai gare shi. Ga ɗakinka, wanda ke juya kubik mita 300 zuwa 400 a awa ya wadatar, wato iskar ɗakin sau 6 zuwa 8. Ka rataye shi kusa da dogon bango don iska ta dinga zagayawa, ka bar shi yana aiki awa biyu bayan ka tashi, sannan ka sake gwajin tocilar bayan an haɗa komai ka faɗa mana inda ƙura ta rage fita.