Wai 'yan Mohawk ba su san tsoron sama ba?

Mai Walda: Jama'a, kun ga hoton nan na 1932, maza 11 zaune kan ƙarfe a hawa na 69 a New York suna cin abinci, ƙafafu na reto a iska? Ni dai na ce wannan ba koyo ba ne, baiwa ce. An daɗe ana cewa 'yan ƙabilar Mohawk, 'yan asalin Arewacin Amurka, da suka yi aikin dogayen benayen Amurka haka aka haife su, ba su san jiri ba. A jininsu yake.

Injiniya: Haba, Malam! Hoton ma don tallar ginin Rockefeller aka tsara shi, kodayake mutanen ma'aikatan wurin ne na gaske. Batun jini kuwa ban yarda ba. A 1886 aka zo gina gadar jirgin ƙasa kan kogin St. Lawrence a Kanada, ƙafarta ɗaya a ƙasarsu ta Kahnawake. Lebura aka fara ɗaukar su, daga baya kamfanin ya koya musu aikin ƙarfe. Uba ya koya wa ɗa, kawu ya ja ɗan 'yar'uwarsa.

Mai Walda: To me ya sa su? Ai ba su kaɗai ke neman abinci ba.

Baba Magini: Ɗana, ba su kaɗai ba ne, akwai 'yan Ailan da 'yan Italiya birjik. Ka dubi yadda ake haɗa ƙarfen lokacin, kafin waldarku ta yi ƙarfi. Mutum huɗu ne ƙungiya. Ɗaya na gasa ƙusa a garwashi har ta yi jawur, ya ɗauko da awartaki ya wurga. Na biyu ya cafe da gwangwani ya zura ta a rami. Na uku ya tokare ta baya, na huɗu ya murƙushe kanta da guduma mai aiki da iska. Babu igiyar tsaro, babu hular kwano. Wanda bai da tsoro ba ya daɗewa a irin wannan aiki. Shekara 30 ina hawa sama, har yau sai na yi bisimilla gabana na faɗuwa.

Hajiya: Ku bar ni da maganar jinin nan, tana ɓata min rai. A 1907 gadar Quebec da ake ginawa a Kanada ta rufta, mutum 75 suka rasu, 33 daga Kahnawake. Gari guda ya cika da zawarawa da marayu. Matan ne suka tsaya kai da fata cewa kada mazansu su sake taruwa a aiki ɗaya. In ka ce mutum bai san tsoro ba, ka sauƙaƙa wa mai kamfani hana shi kariya.

Mai Walda: Gaskiya ne, Hajiya, Allah ya kyauta. Amma dogon benen Empire State na New York fa? Hawa 102 cikin kwana 410!

Injiniya: Tsari ne. Ƙarfen daga birnin Pittsburgh yake zuwa a yanke, kowanne da lambarsa da inda zai zauna, a ɗaga shi kai tsaye. Duk da haka mutum 5 aka rubuta sun mutu.

Mai Walda: Na ji. Amma ni ko da lambar, ba zan zauna kan ƙarfen nan in ci abinci ba.