Wai me za mu kira irin fim ɗin Titanic da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, ku zo ku taya ni wani aiki don tun jiya abin yake min yawo a ka. Ƙanwata ce aka ba su aikin makaranta kowa ya rubuta sharhin fim ɗaya da Hausa, ita kuma ta ɗauko Titanic, sai ga saƙonta wai "Yaya, Turawa sun ce masa epic romantic disaster film, ni ya zan rubuta?" Na buɗe baki zan ba ta amsa na ji wayam. Romantic ɗin dai ba gardama, soyayya ce. Sauran biyun ne suka tsaya min a wuya.

Na fara da fim ɗin bala'i, sai na tuna a bakin yaran yanzu in an ce fim bala'i ne to yabo ne, ya haɗu kenan. Na koma fim ɗin masifa, shi kuma da ka ji sai ka zata kishiyoyi ne za su yi ta cacar baki a tsakar gida. Annoba ta cuta ce, kwalara da korona. Hatsari ya yi kaɗan, mota biyu ma in suka gogi juna hatsari ne, to ina ga jirgin ruwan da ya tafi da mutum sama da 1,500 a dare ɗaya.

Kafin ku kawo naku bari in faɗi abin da nake so kalmar ta ɗauka, don ni a ganina abin da ya sa fim ɗin nan yake kama mutane ba soyayyar Jack da Rose, saurayi da budurwar cikin fim ɗin, ba ce kawai, soyayya ai mun sha ta a finafinan Indiya har ta ishe mu. Abin shi ne tun kafin ka zauna ka san jirgin nan zai nutse, kuma ka san da gaske ya nutse. Ya tashi daga Southampton ta Ingila ranar 10 ga Afrilu 1912 zai je New York, tafiyarsa ta farko kenan, ya biya ta Faransa da Ayalan ya ƙara fasinja, daren 14 ga wata ƙarfe 11:40 ya gogi dutsen ƙanƙara, kafin 2:20 na dare ya gama shigewa ruwa, wato awa biyu da minti arba'in. Mutum wajen 2,200 a ciki amma kwale-kwalen ceto 20 kacal, ko an cika su maƙil ba za su wuce mutum 1,178 ba, kuma ba a ma cika su ɗin ba. Wajen 700 jirgin Carpathia ya tsinta da safe. To duk rawar da suke yi a ɗakin ƙasa da duk dariyar da suke yi a saman jirgi kai mai kallo cikinka a ɗure yake, kamar ka ga ana yi wa mutum lalle alhali ka riga ka ji labarin rasuwarsa.

Ni a kaset na fara ganinsa, kaset biyu ne ma saboda tsawonsa, awa uku da minti goma sha huɗu. A falon gidanmu ne, babban yayanmu yana riƙe da rimot, da an zo wajen da bai kamata ba sai ya danna ya wuce yana tari na ƙarya. Goggonmu tana gefe tana tsinkar zogale, ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji, kaset na farko gaba ɗaya tsaki take yi wai yarinya da mijin da za ta aura ta bi ɗan caca. Amma da ruwa ya fara shiga, aka nuno tsoho da tsohuwar nan kwance a gado sun rungume juna ruwa yana bi ta ƙarƙashinsu, wallahi sai ta ture tiren ta hau salati tana share hawaye da bakin zani, abin da ta tambaya kawai shi ne "wai da gaske an yi?" Yaya ya ce an yi Goggo. Kuma bai yi ƙarya ba, Isidor Straus da matarsa Ida ake nufi, an ba ta wuri a kwale-kwale ta ƙi shiga ta bar mijinta. Kyaftin Edward Smith na gaske ne, Thomas Andrews da ya tsara jirgin na gaske ne, makaɗan da suka yi ta kiɗa har ƙarshe su ma haka. Jack da Rose ne James Cameron, daraktan fim ɗin, ya ƙirƙiro ya jefa a tsakiyarsu.

Tambayar Goggon nan nake so kalmar ta amsa.

Toh na ga amsoshinku, na gode. Mafi yawa kun ce iftila'i, kuma ban ƙi ba, ita ce 'yan rediyo suke faɗa in an yi ambaliya ko gobara ko girgizar ƙasa, fim ɗin iftila'i ya zauna daram a kan disaster film. Sai dai iftila'i ba ruwansa da an yi ko ba a yi ba, finafinan da ake nuna duniya ta tsage ko wani dutse ya faɗo daga sama duk za su shiga ciki.

Wani dattijo da yake bibiyata ne ya ajiye kalma ɗaya ya tafi abinsa, ya ce "ɗana, waƙi'a ake cewa." Na daɗe ina kallonta. Bahaushe ba ya cewa waƙi'a sai abin da ya auku da gaske, kuma babba, mai tayar da hankali, wanda ake ba da labarinsa bayan shekaru, shekarar da aka yi waƙi'ar kaza. Kun ga kalma ɗaya ta haɗa bala'in da tarihin, ba sai mun jawo wata doguwar jela ta wanda aka gina a kan abin da ya faru ba. Wata baiwar Allah ta ce ita tana jin nauyin a liƙa wa fim sunan da yake sunan sura ne a Alƙur'ani, na fahimce ki 'yar uwa, amma ai kalmar ta daɗe da shiga maganar yau da kullum, kamar yadda muke cewa alfijir da giwa ma in an fassara, ba wanda yake nufin surar.

Epic ne ya fi ba mu wahala. Masu cewa mai dogon zango ku yi haƙuri, 'yan Kannywood sun riga sun kama wannan, sunan fim mai fitowa kashi-kashi duk sati ne. Almara kuma ta kai mu wajen aljanu da tsafi. Wanda ya kawo bakandamiya ya burge ni ƙwarai har na kusa sallamawa, don in aka ce bakandamiyar Shata ko ta Narambaɗa kowa ya san ana nufin wadda mawaƙi ya zuba duk ƙarfinsa a ciki, kuma Cameron ya zuba ɗin, dala miliyan 200 aka kashe, aka gina jirgi kusan girman na ainihi a gaɓar teku a Meziko, shi da kansa ya nutsa ƙasan teku wajen mita 3,800 ya ɗauko hoton gawar jirgin da aka gano a 1985, fim ya fito 1997 ya kwashe kyautar Oscar ta finafinai guda 11 ya zama na farko da kuɗin da ya samu ya haura dala biliyan ɗaya. Amma bakandamiya hukunci ce, yabo ce, kuma ta mutum ce, sai ka ce bakandamiyar wane. Akwai epic ɗin da an tara jama'a an kashe kuɗi an ja awa uku kuma ya fito lami, shi ma za mu ce masa bakandamiya? Ƙasaitacce ya fi dacewa, girman kawai yake nunawa, taron mutane da faɗin wuri da tsawon lokaci, ba ya rantsuwa a kan daɗi.

Don haka ga abin da na tura mata: ƙasaitaccen fim ɗin soyayyar waƙi'a. In an gaji a ce soyayyar waƙi'a kawai, ni har na fi son gajeren. Wanda ba a yi shi da gaske ba kuma ya tsaya a fim ɗin iftila'i.

Ta ce ta karɓa, amma ta sake dawo min da wata, wai malaminsu ya ja layi a ƙarƙashin dutsen ƙanƙara ya ce dutse ba ya yawo a kan ruwa. Ni dai na ce ta bar shi a haka tunda shi kowa ya sani, wani a nan ya ce tsibirin ƙanƙara, wani ya ce curi. Mai wadda ta fi ya ajiye a ƙasa kafin Litinin, ran nan za ta miƙa aikin.