Sachin kwamfutata ya daina nemo fayil, don Allah a taimaka

Abban_Husna

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min, abin nan ya kai ni maƙura. Ina da ɗan shagon taifin da firintin kusa da wata makaranta, yawancin aikina furojet ɗin ɗalibai ne da takardun neman aiki da katin biki, shekara shida kenan duk a kwamfuta ɗaya nake ajiyewa, ta tebur ce mai Windows 10. Da can in mutum yazo yace Malam aikina na bara nakeso a sake fito min da shi, sunansa kawai zan rubuta a wurin sachin nan na ƙasa, ko ma kalma ɗaya daga cikin rubutun, kafin ya gyara zama na fito masa da shi. To sati biyu da suka wuce ta yi nauyi sosai na kaita wurin gyara, aka sa mata SSD, wato sabon irin dis ɗin nan mai sauri, aka ɗora sabon Windows a kai, tsohon had dis ɗin aka barshi a ciki ya koma D, kuma gaskiya tayi sauri ba laifi, amma tunda na dawo da ita sachin baya ganin komai nawa. In na rubuta Word zai kawo min Word, amma sunan fayil ko ɗaya babu. In na shiga folda nayi sachin daga sama sai koren layin nan yayi ta rarrafe minti biyar minti goma, wani lokaci ya kawo wani lokaci yace babu, alhali da idona ina ganin fayil ɗin.

Jiya wata ɗaliba tazo karɓar babi na huɗu da na buga mata wata uku da suka wuce, malaminta na jiranta ƙarfe biyu, mai Napep na tsaye a ƙofa yana ta hon, ni kuma ina buɗe folda ɗaya bayan ɗaya gumi na zuba, sai da muka kusa minti arba'in. Bata ce min komai ba amma naga idonta ya kawo ruwa, wallahi har yanzu abin na raina. Meye mafita? Kar dai ace fayilolin ne suka lalace.

Sadiq_003

Wslm. Oga ka mayar masa kawai ya sake fomatin, inaga Windows ɗin da ya ɗora ne bai hau daidai ba.

Injiniyan Tudun Wada

Wa alaikumus salam. A'a Sadiq kar ka sashi wahala, wannan bata kai ga fomatin ba, kuma mutum mai aikin shekara shida a kwamfuta ba'a saurin ce masa yayi fomatin. Malam Abban Husna ka kwantar da hankalinka, tunda kana ganin fayilolin kuma suna buɗuwa to lafiyarsu ƙalau.

Ka gane yadda abin yake tukuna sai gyaran yayi maka sauƙi. Sachin Windows ba wai duk sanda ka rubuta suna yake tashi ya zagaye had dis ba, akwai wani kundi da yake rubutawa a ɓoye, suna ce masa index, kamar dai littafin bashi na mai kanti, sunan kowane fayil da inda yake da kalmomin cikinsa duk yana ciki, shi yake dubawa ya baka amsa nan take. Tsohon kundinka ya tafi da tsohon Windows. Sabon kuma iyakarsa Documents da Pictures da Music da Desktop na sabon C, bai san da zaman D ba sai ka gaya masa. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, masu gyara da yawa in sun sa SSD suna kashe sabis ɗin sachin gaba ɗaya wai don kar yaci rayuwar SSD ɗin, tsohuwar magana ce tun farkon fitowarsu, yanzu bata da wani amfani, amma har gobe ana yi. Ina kyautata zaton duka biyun ne suka haɗu maka.

Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta services.msc ka danna Enter. Ka gangara can ƙasa wurin W ka nemi Windows Search, ka danna shi sau biyu. In kaga Startup type yana kan Disabled to ga ɓarawon nan, ka mayar da shi Automatic mai Delayed Start, ka danna Apply, sannan Start. In kuma ka tarar yana Running to ka danna masa Stop sannan Start kawai ka wuce gaba.

Daga nan ka sake Windows da R ka rubuta control srchadmin.dll, zai buɗe maka Indexing Options, ko ka bi ta Control Panel duk ɗaya ne. Ka danna Modify. Anan nakeso ka kula, kar ka yiwa D ɗin gaba ɗaya tik, saboda tsohon Windows ɗinka da Program Files suna nan kwance a ciki da dubban tarkacen da ba ruwanka dasu, in ka haɗa dasu aikin zai daɗe kuma sakamakon sachin zai cika da shirgi. Ka buɗe kibiyar D ka zaɓi foldojin aikinka kaɗai. In aikin yana cikin Users na tsohon dis ɗin ne, ka fara shiga foldar da kanka, in tace baka da izini ka danna Continue, don sachin baya nuna maka abinda kai kanka baka da ikon buɗewa.

Saura maganar nemo kalmar da ke cikin rubutu, tunda kace da haka kake aiki. A nan Indexing Options ɗin ka shiga Advanced, ka koma File Types, ka nemi docx da doc da pdf ka tabbatar kowanne yana kan Index Properties and File Contents. Shikenan sai ka barshi yayi aikinsa, zaka ga lamba tana hawa a sama. In kana taɓa kwamfutar yana rage gudu da gangan don kar ya takura maka, shiyasa yafi kyau ka barta a kunne lokacin da ba kwastoma.

Maman_Ilham

Sannu Malam, Allah ya kyauta. Duk abinda Injiniya ya faɗa haka yake, ni dai ƙari zanyi. A ofis ɗinmu ni ke riƙe da takardu kuma tun da wata ƙawata ta nuna min wata ƴar manhaja mai suna Everything ban sake tsayawa jiran koren layin nan ba. Na voidtools ce, kyauta ce kuma ƙarama ce bata cin data, ka tabbatar daga shafinsu ka sauke kar ka ɗauko a wani wuri. Ita bata jiran kundin Windows, jerin sunayen da ke kan dis ɗin take karantawa kai tsaye, kana buga harafi tana tace maka, kafin ka gama sunan ya fito. Inda tana kwamfutarka jiya da yarinyar nan bata yi minti ɗaya a shagonka ba. Amma fa ƙarfinta a suna yake, in kalmar cikin takarda kake nema gara na Windows ɗin, saboda haka ka riƙe duka biyun.

Sannan don Allah a rage sa wa fayil suna irin "chapter 4 new", "new new", "final gyara". Ni sunan mai aikin nake farawa da shi sai shekara sai abinda ke ciki. Kuma in kana sa haruffa masu lanƙwasa a suna ka riƙa gwada duka biyu wurin nema, kuɗi da kudi, don sau tari mutum shi yake manta da wanne ya ajiye.

Bash_Damagaram

Gafara dai na shigo muku cikin zance, ni tawa ta ɗan bambanta, laftof ce mai Windows 11, in na danna wurin sachin ko rubutu baya shiga, kibod ɗin kuma lafiya lau a Word. Wani lokaci ma fari fat yake buɗowa.

Injiniyan Tudun Wada

Bash taka ba ta kundi bace, akwatin ne ya sanƙare. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka shiga Details ka nemi SearchHost.exe ka masa End task, da kansa zai sake tashi in ka danna sachin. Masu Windows 10 nasu SearchApp.exe ne, ko SearchUI.exe in tsohon ne sosai. In har yanzu rubutu yaƙi shiga ka danna Windows da R ka sa C:\Windows\System32\ctfmon.exe ka danna Enter ka sake gwadawa, shi ke kula da shigar rubutu a irin waɗannan akwatunan. In kuma kullum ka kunna sai ta dawo, ka buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni, da Run as administrator ka sa sfc /scannow ka bari ya kai 100.

Abban_Husna

Allahu Akbar, Injiniya kamar kana shagon. Disabled na tarar da shi wallahi, na kunna na zaɓi foldoji uku a D kamar yadda kace, foldar Users ɗin ma sai da ta tambayi izini. Na barta tun bayan la'asar lamba tana ta hawa har ta wuce dubu tara, sai aka ɗauke wuta ana kiran magariba, UPS ɗina batirinsa ya mutu tuntuni, kafin yaro ya tada janareto ta riga ta mutu. Yanzu na kunna naga yaci gaba amma ina tsoron ko ya lalace, naga wani maɓalli Rebuild a cikin Advanced, in danna ne ya faro daga farko?

Hajiya Maman Ilham nagode ƙwarai, na sauke Everything kuma gaskiya abin mamaki ne, sunan ɗalibar jiya na fara gwadawa, kafin na ɗaga yatsa ya fito har guda huɗu. Sai dai filashin wani kwastoma da na saka bata ganin komai a ciki, shima sachin Windows yace babu, in na buɗe kuma wasu foldoji ne masu ƴar kibiya a jiki, alhali filashin ya nuna a cike yake.

Injiniyan Tudun Wada

Kar ka taɓa Rebuild yanzu Malam. Rebuild goge kundin yake gaba ɗaya ya faro daga sifili, duk aikin da yayi tun la'asar ya tashi a banza. Tunda lamba naci gaba da hawa ka ƙyale shi har sai kaga ya rubuta Indexing complete. Inda ake buƙatarsa shine in ya gama amma yana kawo fayilolin da ka riga ka goge, ko yana tsallake waɗanda suke nan, ko lambar ta tsaya cak kwana guda bata motsi, ko sabis ɗin ya riƙa mutuwa da kansa. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya jawo haka, ba kullum ba dai, kundin fayil ne guda ɗaya mai suna Windows.edb a cikin ProgramData, shiyasa nake roƙonka ka canza batirin UPS ɗin nan, ba don sachin kaɗai ba, tsohon dis ɗinka mai juyawa ne kuma shekara shida ba wasa ba. Ka samu wani dis na waje ka kwafe aikin mutane a satin nan.

Maganar filashi kuwa abu biyu ne. Everything bata ɗaukar filashi mai tsarin fomatin FAT32 ko exFAT da kanta sai ka ƙara shi a Options wurin Folders, wannan ba matsala bace. Amma foldoji masu kibiyar nan bairos ne, wanda ake cewa shortcut, ya ɓoye na gaskiyan ya ajiye na bogi, kuma duk wanda ya danna na bogin ya ɗauka. KAR KA DANNA SU. Ka fara sikanin filashin da Windows Security, sannan ka duba harafinsa, a ce E ne, ka buɗe cmd ka rubuta

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

ka danna Enter ka jira, foldojin gaskiya zasu bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna, sai ka kwashe su ka goge masu kibiyar. In ka riga ka danna ɗaya to kwamfutar ma ka mata Full scan yau ɗin nan. Kuma tunda filashin jama'a kake karɓa kullum ka sani tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 afdet ɗin tsaro na kyauta da aka saba, ka fara tunanin komawa 11 in kwamfutar zata ɗauka.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu don kar gobe kace sachin ya sake lalacewa, takardun da kayi sikanin ɗinsu irinsu sakamakon jarabawa da takardar haihuwa, ko PDF ne hoto ne a wurinsa, ba zai karanta cikinsu ba, da suna kawai zaka same su.

Bash_Damagaram

Tawa ta tashi Injiniya, End task ɗin nan kawai nayi. Allah ya saka da alheri.

Abban_Husna

Alhamdulillah jama'a, da safen nan na tarar ya rubuta Indexing complete. Na gwada da kalmar "fadama" don na tuna akwai wani yaro da na bugawa furojet kan noman rani shekara uku da suka wuce na manta sunansa, sai gashi ya fito shi da wasu biyu da ban ma tuna dasu ba. Filashin ma ban danna komai ba Allah ya taimake ni, nayi attrib ɗin foldojinsa bakwai duk sun dawo, mutumin har ya fidda rai da hotunan bikin ƙanwarsa. Injiniya, Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifa ya ƙara basira. Batirin UPS na bada sautu za'a kawo min gobe in sha Allah, dis na waje kuma sai ƙarshen wata, wane girma kuke ganin zai isheni, aikin duka bai kai gig 200 ba?

Maman_Ilham

Amin Malam. Ka sayi mai 1TB ka huta, kuma kar ka barshi a jone, ka kwafa duk Juma'a ka cire ka tafi da shi gida.