Me ya sa katangar Bankin Ingila ba ta da taga?

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana game da ginin Bankin Ingila da ke titin Threadneedle a Landan. Na lura a hotuna cewa katangar ƙasa ba ta da taga, alhali benen da ke samanta cike yake da tagogi, kamar ba hannu ɗaya ya gina su ba. Mene ne dalili?

Mai Bin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lalle ba hannu ɗaya ba ne. An kafa bankin a 1694, ya koma wannan titi a 1734. A wata tarzoma da aka yi a Landan a 1780 masu bore sun kai masa hari, abin da ya sa aka fara girke sojoji suna gadinsa kowane dare har zuwa 1973. Da mai zanen gine-gine John Soane ya karɓi aikin ginin a 1788, tsaro ne a gabansa, don haka ya kewaye filin da katangar dutse marar taga, ya kuma shigo da haske ta sama, ta cikin ƙubbobin da ya ɗora kan manyan zauruka. Shekara 45 ya yi yana wannan aiki.

Malama Mai Zane:
Benen kuwa na Herbert Baker ne, wanda ya zana fadar gwamnati ta Pretoria a Afirka ta Kudu. Yaƙin Duniya na Farko ya ninka ma'aikatan bankin, wuri ya yi kaɗan, sai aka rushe kusan dukkan zaurukan Soane tsakanin 1925 da 1939, aka bar katangar. Wannan asara tana ci mini rai, domin zaurukan nan babu irinsu a Turai, kuma masanin tarihin gine-gine Nikolaus Pevsner ya ɗauki rushewar a matsayin laifi mafi girma da aka yi wa gine-ginen tsohon birnin Landan a ƙarni na 20. Sai a 1950 aka sanya ginin a rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, bayan aikin gama ya gama.

Dattijon Akanta:
Malama, na yarda an yi asara, amma banki wurin aiki ne, kuma ba yadda za a yi dubban ma'aikata su shige cikin ginin da bai da tsawo. Wanda ya je Landan ya shiga gidan tarihin bankin, wanda aka buɗe a 1988, inda aka sake gina ɗaya daga cikin zaurukan Soane bisa tsarinsa na asali. Shiga kyauta ne.