Rumfar Baba mai shayi ta tashi: me kowa yake tunawa?

Mazaunin Wunti:
Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar isha na biyo ta tsohon layinmu a nan Bauchi, da niyyar in sha shayi kamar yadda na saba duk lokacin da hanya ta kawo ni, sai na tarar babu rumfar Baba, babu bencinan nan guda uku, an kafa kwantenar masu POS a gurbinsu. Wani yaro mai sayar da rake ya shaida mini cewa an fi wata huɗu da tashin Baba, ya koma garinsu. Kunya ta kama ni, domin wata huɗu ba kwana huɗu ba ne, alhali a dā idan na yi kwana biyu ban leƙa ba sai ya aiko yaronsa har gida ya tambayi lafiyata. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama a wurin ya faɗi abin da yake tunawa.

Tsohon ɗalibin ATBU:
Wa alaikumus salam. Ni daga Yelwa nake takowa, ko da yake akwai masu shayi birjik a bakin makarantarmu, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), saboda Baba kaɗai ne yake duban fuskar ɗalibi ya gane cewa aljihunsa ya bushe. Idan ka ce a ba ka ruwan bunu, wato shayi babu madara, sai ya yi kamar bai ji ba, ya tsiyaya maka 'yar madarar gwangwani, ya yanko biredi ya tura gabanka, sannan ya juya yana wanke kofuna don kada ku haɗa ido. Har yanzu ina ganin hannunsa yana ɗaga kofin silba sama yana zubo shayin cikin ɗayan, tururi yana tashi a sanyin hunturu, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. Citta da kanumfari yake sakawa a tukunyar tun da asuba, shi ya sa ƙamshin yake tarar mutum tun daga bakin masallaci.

Dattijo daga Jahun:
Ku yara ne, ba ku ga wurin ba a lokacin da yake wuri. A 1996 babu gidajen kallon ƙwallo irin na yanzu, saboda haka wata ƙaramar talabijin aka ɗauko daga wani gida aka ɗora a kan teburin biredi a daren da Najeriya ta kara da Brazil a wasannin Olamfik na Atlanta. Da aka kai ci uku da ɗaya, rabin jama'a suka kama hanyar gida suna tsaki. Mu da muka dage mu ne muka ga an rama, Kanu ya ci ta uku, ya sake cin ta huɗu wadda ta kashe wasan. A cikin murna wani ya hankaɗe benci, kiret ɗin ƙwai ya kife gaba ɗaya, kuma Baba bai karɓi ko sisi a hannun kowa ba, sai dai ya yi shekaru yana tsokanar mutumin da sunan "mai wainar ƙasa". A wannan benci muke sauraron labaran BBC da asuba, a nan kuma ake yanke wa 'yan wasan Wikki Tourists hukunci duk ranar da aka dawo daga filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Mutum huɗu daga cikin waɗanda muka yi wannan dare da su sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Tsohon ɗalibin ATBU:
Amin, Dattijo. Ashe asalin sunan ke nan. Mun tarar ana kiransa da shi, ba mu taɓa sanin dalili ba.

Uwar gida a layin:
Ni mace ce, ban taɓa zama a bencin ba, amma ina ganin na fi wasunku sanin amfaninsa. Tagar ɗakina tana kallon rumfar, kuma muddin fitilarsa tana ci, ba na fargabar aiken yaro kanti da daddare, domin na san akwai idon manya a bakin layi. Daren da naƙudar ɗana na biyu ta tashi, maigidan yana Gombe, daga wannan benci aka samo mai mota, kuma Baba ya cika fulas da ruwan zafi ya miƙa wa ƙanwata ba tare da an roƙe shi ba. Yanzu da an yi sallar isha layin yake mutuwa.

Ɗan kasuwar Muda Lawal:
Ku gafarce ni, zan ɗan ɓata muku zancen. Kowa yana yabo, amma babu wanda ya ambaci littafin bashi, wani tsohon littafin makaranta mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙarƙashin gwangwanin sukari. A wurina yake sarin madara da ganyen Lipton, don haka na ga yadda abin ya riƙa zaizayewa. A farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 kuɗi suka yi wuyar samu, kusan kowa rubutawa yake yi, saboda Baba ba shi da asusun banki balle a tura masa. Bai gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, sukari da biredi da ƙwai suka tashi. Mutumin da yake ɗaukar katan ya koma ɗaukar gwangwani shida, daga baya uku. Na sha ce masa ya ƙara kuɗin kofi ko ya rufe littafin, sai ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya san ubansa. Da mai filin ya samu wanda zai biya haya mai tsoka, Baba ba shi da abin da zai yi tayi da shi. Ban cire kaina ba, domin ni ma na matsa masa a kan kuɗina fiye da yadda ya kamata.

Dattijo daga Jahun:
Gaskiya ɗaci gare ta, Alhaji, amma ka faɗe ta. Mu da muke shan kofi ɗaya mu tare benci har sha biyun dare, mu ma muna da namu kason.

Mazaunin Wunti:
Jikina ya yi sanyi, domin ina da shafi a littafin nan, kuma ban tuna ranar da na biya na ƙarshe ba. Akwai wanda ya san inda yake?

Yaronsa na dā:
Yaya, ni ne nake wanke masa kofuna shekara shida, yanzu ina tuƙa keke Napep. Yana ƙauyensu a wajen Darazo, lafiyarsa ƙalau in ban da ciwon gwiwa, ya yi noman gero da wake a bana. Tukunyar da kofunan silban suna wurina, shi ya ba ni su ranar da muka kwance rumfar. Littafin kuwa da shi ya tafi, na gan shi yana saka shi a cikin buhun kayansa, amma bai ce in tambayi kowa ba. Ranar Juma'a mai zuwa zan je gaishe shi bayan an sauko daga masallaci, duk mai saƙo ya same ni a bakin layin kafin ƙarfe sha ɗaya.

Ɗan kasuwar Muda Lawal:
Ka biyo ta shago tukuna, akwai sukari da ganyen shayi da zan ba ka ka kai masa. Ka kuma ce masa ragowar da ke tsakaninmu na yafe.