Zo mu zauna, zo mu saɓa: lasin ne ko gargaɗi?

Ɗan Bagalam: Salama 'yan'uwa. Jiya Lahadi bayan sujada gardama ta tashi tsakanin dattawa biyu kan naman layya da maƙwabta ke aiko muna, ɗaya ya ce a ci a yi godiya, ɗaya ya ce shi ba ya shiga tukunyarsa, har murya ta fara hawa sai pasto ya ce "zo mu zauna zo mu saɓa" kowa ya watse. Ni abin bai kwanta mini ba. Maganar ta kashe wuta ne ko rufe ta ta yi da toka?

Maman Biyu: Pasto ya yi daidai. Bulus da Barnaba ma sun saɓa kan Markus har kowa ya kama hanyarsa, duba Ayyukan Manzanni 15. Kuma zancen nama Romawa 14 ta gama shi, mai ci kada ya rena marar ci.

Malamin Lakwal: Inna ki yi haƙuri, ban yarda ba. Sau nawa ake jefa karin maganar nan don a rufe bakin ƙarami? Ka tada zancen tazarar haihuwa ko tsadar sadaki ko mace ta hau bagade ta yi wa'azi, sai a ce zo mu zauna, a yi addu'a a tashi, ba a ji ta bakin kowa ba. Saɓawar da ba a zauna an saurari juna ba ai gaba ce a ɓoye. Haka aka yi ta danne magana har EERN, ikilisiyar bishara ta Nijar, ta tsage wajen 1990, yau ga dangi ɗaya majami'a daban-daban.

Mai Kabu-kabu: Wajen 'yan siyasa kuwa zo mu ci zo mu saɓa ne hhhh. Da safe parti guda, da marece an canza hula.

Ɗiyar Tibiri: Ku bari in ba ku na kakata. Ita ce ta biyu wajen kakanmu, ya karɓi bishara zamanin turawan mishan na SIM yana da mata biyu, aka ce ba baftisma sai ya saki guda. Ya ce wacce zan kora, mai 'ya'ya ko mai goyo? Ya ƙi. Har ya mutu a bencin baya yake zama, ana raba jibin Ubangiji ana tsallake shi. To matar mai bishara ta garin ita ce ta fi kowa tsanani kan wannan doka, kuma katangarsu ɗaya da kakata. Kullum da hantsi turmi ɗaya suke daka gero, kullum sai sun taɓa zancen, waccan ta ce Littafi ya ce mijin mace ɗaya, kakata ta ce wannan ga shugaban ikilisiya aka faɗa, ki koma ki karanta da kyau, alhali ita kakata ko harafi ba ta sani ba, a kunne ta riƙe. Ba wadda ta taɓa sauka daga ra'ayinta. Amma ranar da naƙudar mahaifiyata ta zo da dare, damina, gulbi ya cika ba hanyar asibiti, matar nan ce ta ɗaura zane ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi, ta kwana bakwai tana dama mata kunun kanwa. Ranar suna kuma a gaban mutane ta sake cewa har yanzu auren bai yi mata ba, kakata ta miƙa mata ƙwaryar hura ta ce sha ki ƙara ƙarfin gardama.

Maman Biyu: Allah sarki, tsofaffin da.

Malamin Lakwal: Labarin ya taɓa ni, amma kakanku fa ya mutu a bencin baya. Su matan sun zauna lafiya, shi wa ya saurare shi?

Ɗiyar Tibiri: Wannan kam har yau yana mana ciwo Malam, kuma har yau in mai mata biyu ya tuba dattawa ba bakinsu ɗaya ba.

Baba Tsoho: Yarana, a 2019 da aka ƙone majami'a a kartiyen Zariya ta Maradi ba wanda ya tambaye mu wa ke cin naman layya wa ba ya ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku saɓa, amma ku gaisa kafin rana ta faɗi.

Ɗan Bagalam: Baba ranka ya daɗe, to a faɗi gaskiya ko a yi shiru don bango?

Mai Kabu-kabu: Bangon da wani depite ya yi alkawarin gina wa lakwal ɗinmu lokacin kampanye ko ƙadangare bai samu na hawa ba, tubali goma aka sauke aka ɗauki hoto.

Maman Biyu: Kai dai ba ka rabo da su. Ɗiyar Tibiri, ita uwargidan fa, ina ta tsaya a gardamar?

Ɗiyar Tibiri: Ita ba ta taɓa shiga majami'a ba, da azuminta ta mutu, wannan wani dogon labari ne kuma an ɗauke kuran, caji na ya kusa ƙarewa, sai gobe in Ubangiji ya kai mu.