Neman kalma: golf da hilinsa da Hausa, shirina gobe ne

Mai shiri: Salamu alaikum 'yan uwa, gobe da dare ina da shiri a radiyo kan ruwa, zan tabo manyan hilayen golf na duniya irin Augusta na jihar Jojiya a Amurka inda ake gasar Masters a watan Afrilu, an fara ta tun 1934. Mi zan kira wasan, kuma mi zan kira wurin nan mai lallausar ciyawa kusa da rami da suke cewa girin, wato kore da Turanci? So nike tsohuwata a Garin Malam ta gane.

Dan Birni: kwallon lambu, haka nike ji a kafofin Hausa. Girin kuma ka ce bakin rami.

Mushe: Ban yarda da lambu ba sam. Lambu shi ne na Mirya, ka ba shi ruwa ya ba ka albasa da rake da salati, wannan kuwa ramuka 18 ne da ciyawa da ake shayarwa ana zuba mata taki da maganin kwari don ta fito kore shar a tele, ruwan sama ya wanke maganin ya kai tabki, ba wanda ke cin komi a ciki. Kwallon rami za a ce.

'Yar Zango: Mushe kwallon rami ai yara za su dauka wasan dara ne

Mushe: To su koya diyata. Mu nan Damagaram da muke bin 'yan garuwa da bido lokacin zahi, ruwanmu daga Gogo Machaya da Ganaram ake jawo shi, ba za mu kira abin da ke shanye ruwa da sunan lambu ba don wani a Kano ya fadi haka.

Dan Birni: ina ruwan Kano a nan kuma? Hausa daya ce Mushe, kalmar da ta riga ta shiga kunnen mutane ba ka hidda ta da fushi

Mushe: Hausarmu ba 'yar rakiya ba ce.

Baba Alhaji: Ku tsaya yaro na da aiki gobe. Kuma ba duka hilayen ke haka ba, St Andrews na Sikotilan kan rairayin bakin teku yake, da rani ciyawar na bushewa ta yi ja kuma a yi gasa a kai. Pinehurst a Amurka sun tuge ciyawa wajen eka 35 kahin babbar gasar US Open ta 2014 suka bar rairayi da ciyawar daji, ruwan da suke sha ya ragu fiye da rabi. Matsalar ita ce kowa na son nashi ya yi kama da Augusta har cikin hamada, Dubai tun 1988 suka shimfida na ciyawa. Na Yamai ma ai rairayi ne.

'Yar Zango: Baba to girin din Yamai ba kore ba ne ke nan, bakin rami ya hi dacewa

Mai shiri: Na gode Baba. Zan dauki bakin rami. Wasan kuma zan ce golf sau daya, in ce wanda wasu ke kira kwallon lambu, daga nan in ci gaba da hilin golf.

Mushe: Bakin rami na yarda. Amma in ka ce lambu ka fadi ma masu saurare cewa ba a cin komi a cikinsa, kuma ni kwallon rami zan koya ma 'yan lakkwal dina.